Baba Faransi na Abbasiya

Duk ɗan Hausa da ya zauna Alƙahira a shekarun saba'in da tamanin, in dai yunwa ta taɓa kama shi a Abbasiya, ya san ɗakin abincin Hassumi. Wani ɗan lungu ne bayan tashar bas, benci biyu da tebur mai rawa, sai labule, bayan labulen kuma Balki matarsa da tukwanenta. Ɗalibai ba sa ce masa Hassumi. Baba Faransi suke ce masa, don ba ka gama kwanon tuwo a wurinsa ba ka ji labarin Kombarel ba.

Kombarel ƙauyen manoma ne a cikin duwatsun kudancin Faransa, ƙaramin da ko 'yan ƙasar ba su san da shi ba. Balki ba ta taɓa taka shi ba, amma da za a sauke ta a bakin gadarsa, za ta kai kanta gidan Tsoho Emil, inda mijinta ya zauna, ba tare da ta tambayi kowa hanya ba. Ta san a haura a bar coci a dama. Ta san kwamin da shanu ke shan ruwa. Ta san shagon Madam Polet, inda ake sayar da kofi da taba da kan sarki, inda kuma wayar tarho ɗaya tilo ta garin take. Duk daga bayan labule ta koye shi, tana tuƙa tuwo.

Hassumi mutumin wani ƙauye ne a gefen Madawa, ƙasar Nijar. Bayan samun 'yancin kai aka ɗebi samari aka tura su Faransa su koyo noman shanu da na zamani, aka rarraba su gidajen manoma. 'Yan watanni aka ce. Sauran suka dawo, shi ya yi shekara tara.

Ranar da ya isa, in ji shi, ya gaida mutanen garin yadda uwarsa ta koya masa. Ya tsaya gaban wani dattijo da ke gyaran shinge, ya tambaye shi kwana, da gajiya, da iyali, da shanu, da sanyi, da labarin gona, duk cikin Faransancin lakwal, irin na makarantar boko. Dattijon ya ajiye guduma, ya shige gida, ya ja ƙofa. Kafin yamma magana ta zaga gari cewa baƙon gidan Emil ɗan leƙen asirin masu haraji ne, in ba haka ba me ya kai shi tambayar lafiyar shanun mutum. A Kombarel gaisuwa ɗaga haɓa ce. Wanda ya ƙara maka da "za a yi ruwa", to ya ɗauke ka aboki.

Akwai wani ɗalibi ɗan Kano, Kamilu, mai karatun Shari'a, wanda bakinsa ba ya hutawa. Shi ne ke tsokanarsa.

"Baba Faransi, mutanen da ko gaisuwa ba su iya ba, me ka gani a wurinsu har shekara tara? Ko cukun ne?"

"Ci tuwonka, ɗan Ingilishi. Ku da kuke gaida mutum sau bakwai kuna laluben aljihunsa."

Sai a kwashe da dariya, shi kuma ya ɗora daga inda ya tsaya. Mutanen Kombarel, in ji shi, abu yadda yake suke faɗarsa. In ka rame su ce ka rame. In kunyar gonarka ta karkace, ranar Lahadi bayan coci gari guda zai hau ya tsaya yana kallonta, hannu a baya, ba mai cewa uffan, kuma kai ba ka ƙara karkata kunya har abada. Akwai gida biyu da ba sa magana tun kakanni saboda wata bishiya da ta tsiro a kan iyakar gona. Amma ranar sussukar alkama kowa ya fito, maƙiyan nan biyu suna miƙa wa juna buhu ba su dubi fuskar juna ba, su zauna tebur guda su ci su tashi. Gayya ce sak irin ta gida, sai dai babu kiɗa. Ga rowar magana, ga rowar murmushi, amma ƙofar kowa a buɗe take, kuma ba a taɓa barin gonar mara lafiya ta kwana ba a girbe ba.

Tsoho Emil da matarsa Odet ɗa guda suka haifa, yaƙin Aljeriya ya cinye shi. A ɗakin wannan ɗan suka sauki Hassumi. Gari ya yi ta gunaguni, wai an kashe maka ɗa a ƙasar Musulmi ka kwantar da Musulmi a gadonsa. Emil ya bar su har suka gaji. Wata rana a shagon Madam Polet wani ya faɗa masa a fuska, ya shanye kofinsa, ya ce ɗakin dai nasa ne, ya sa hularsa ya fita. Daga nan ba a ƙara ba.

Odet ta ware masa tukunya, ta ɗaura mata jan zare a hannu don kada naman alade ya taɓa ta. Ranar da gari ke yankan aladu cikin hunturu, Emil kan ce tumaki suna bukatar a hau da su tudu, ya tura shi can ya wuni. Azumi kuwa a shekarun nan cikin sanyi yake zuwa, rana gajera, sai Odet ta dawo da abincin dare zuwa faɗuwar rana, gida duka a ci tare. Ba wanda ya taɓa cewa don shi aka yi. Da kaka kuma kowa ya duƙa tsintar shateni, wani ɗan itace mai ƙaya a waje kamar bushiya, cikinsa kamar dankali mai zaƙi, wanda shi ne hatsin talakan wurin. Hassumi ya fi kowa sauri a tsintarsa, har ana aron sa gida-gida.

Balki takan ce a ranta, mutumin nan jikinsa kawai ta aura. Ba ta jin haushi sosai. Idan yana labarin Kombarel fuskarsa kan koma ta saurayi, ita kuma ba ta san shi yana saurayi ba.

A shekarar saba'in da uku fari ya kwanta wa Nijar. Labari ya iske shi cewa dabbobin gidansu sun ƙare, mahaifiyarsa kuma tana kwance. Emil da kansa ya raka shi inda ake shiga bas, ya ɗaukar masa jaka duk da bayansa da ya fara lanƙwashewa. Bai yi masa addu'a ba, bai rungume shi ba. Cewa ya yi kada ya wuce lokacin tsintar shateni, don shi bayansa ya daina sunkuyawa. Hassumi ya ce in Allah ya yarda.

"Na ji na Allah," in ji tsohon. "Naka nake so in ji."

"Zan dawo."

Wannan kalma ita ce ta zama sauran rayuwar Hassumi.

Mahaifiyarsa ta ja jinya har ta rasu. Ya tsaya ya tallafi ƙannensa, aka yi aurensa da Balki, ya ce mata su shirya, da ita zai koma. Kafin su shirya Faransa ta rufe ƙofa ga baƙin ma'aikata, takardar zamansa kuma ta riga ta mutu. Ana cikin haka kawun Balki, Alhaji Ɗanmalam, wanda ke fataucin littattafai da turare daga Masar, ya nemi wanda ya iya Faransanci ya riƙa kai masa 'yan kasuwar Nijar wurin dillalai da likitoci. Hassumi ya dubi taswira, ya ga jirgin ruwa yana tashi daga Iskandariyya zuwa Marsai, daga Marsai kuma Kombarel tafiyar wuni ce. Ya ce wa Balki Alƙahira zaure ce kawai, za su ɗan tsaya su wuce. Suka kama ɗaki a Ainu Shams, lokacin ana hango gonakin ciyawa daga taga.

Sau ɗaya ya kai bakin ƙofar. A saba'in da bakwai ya hau jirgin ruwan nan shi kaɗai, da niyyar ya je ya gyara wuri ya aiko mata. A Marsai aka dubi tafin hannunsa, aka dubi takardunsa, aka ce wannan aiki ya zo nema ba ziyara ba. Jirgin da ya kai shi, shi ya dawo da shi. Ya shigo gida da tsarabar da ya saya wa Odet, mayafi da dabino, ya ajiye a kan gado. Balki ta kawo masa ruwa.

Daga nan shekaru suka yi ta cin juna. Aka haifa musu Hawa, aka buɗe ɗakin abinci, gonakin da ke bayan taga suka zama benaye. Duk lokacin da guzuri ya taru sai wata lalura ta taso, in kuma guzurin ya tsaya sai a ce an sake dokar shiga. Odet ce ke rubuto musu kati duk sabuwar shekara. Wata shekara katin ya zo da wani rubutu mai karkarwa, na Emil, wanda Hassumi bai taɓa ganin ya riƙe alƙalami ba. Layi biyu ne. Odet ta mutu ranar Talata. Shateni ya yi kyau bana, ba mai tsinta.

Balki ta ce ya buga waya mana, ai ya haddace lambar Madam Polet. Ya ce a Kombarel ba a kiran mutum waya sai in za a faɗa masa ranar zuwa ko ranar jana'iza. Ba zai sa tsoho mai nauyin kunne ya gangaro tudu da sanda don ya ji ina kwana ba. Ranar da ya riƙe tikiti a hannu, ranar zai buga.

A tamanin da biyar hawan jini ya kayar da shi a cikin shago, da ludayi a hannu. Ɓarin hagu ya shanye, baki ya ɗan karkace. Likita ya ja Balki gefe ya ce a kiyaye masa ɓacin rai, bugu na biyu in ya zo ba ya barin mutum. Yana kwance a haka ya sa aka kawo masa rakoda, ya yi wa Emil magana a kaset da harshensa mai nauyi, ya ba Alhusaini. Shi Alhusaini ɗan garinsu ne, mai sayo tsofaffin motoci a Faransa yana ratsa sahara da su, yakan biyo ta Alƙahira sayen kaya. Hassumi ya kwatanta masa hanya tun daga gada har ƙofar gida.

Da Alhusaini ya dawo, ba gidan Hassumi ya fara zuwa ba. Wurin Alhaji Ɗanmalam ya je, su biyun suka zo suka sami Balki a shago da hantsi, kafin ɗalibai su fito. Tun daga yadda suka zauna ta gane. Alhusaini ya ce ya sami gidan a rufe, tagogi a ƙulle. Tsohon ya rasu cikin hunturu, 'yan makonni kafin zuwansa. Madam Polet ta ce dama tana shirin rubutowa, tun da ga ɗan'uwansa ya zo, ya kai masa labari.

Kawu ya ce ba a jefa wa majinyaci dutse a ƙirji. Ya ce a yi yadda ake yi a gida: a fara ce masa jikin tsohon ya yi nauyi, bayan kwana biyu a ce ya tsananta, in ya ɗan sami ƙarfi sai manya su zo su zaunar da shi su ƙarasa. Haka aka yi wa Balki da mahaifinta ya rasu, haka aka yi wa kowa, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan ƙarya. Tausayi ne. Ta ce to.

Da la'asar Alhusaini ya durƙusa gefen katifar Hassumi ya ce ya ga tsohon, yana gaishe shi, ya ji kaset, sai dai jiki ya yi nauyi, ba ya fita. Hassumi ya yi ta tambaya: wa ke kai masa itace, wa ke tatsar saniya, yana cin abinci kuwa. Alhusaini yana amsawa yana kallon tabarma.

A gida, wanda aka gaya wa haka zuciyarsa yake shiryawa. Hassumi jaka ya shirya. Washegari Balki ta shigo ta same shi tsaye, ya dafa bango, gumi na zuba, yana jan ƙafar hagu. Ya ce mata lokaci ya ƙure, ba zai kwanta nan tsoho yana can shi kaɗai ba. Cikin wata guda yana sauka daga bene da sanda. Kafin sallar layya yana tafiya har tashar jirgin ƙasa. Likita ya ce bai taɓa ganin irin wannan tashi ba, ya ce wa Balki duk abin da take ba shi ta ci gaba.

To wa zai ɗora mataki na biyu? Kawu ya ce a bari ya ƙara ƙarfi. Da ya ƙara ƙarfi, ya ce a bari a wuce azumi. Daga baya kawun ya tattara ya koma Maraɗi da zama, ya bar mata maganar kamar wanda ya manta da butarsa. Alhusaini kuwa ya daina biyowa ta Alƙahira. Sai ya zama ita kaɗai ce a duk faɗin Masar ta san cewa mutumin da mijinta ke koya wa ƙafarsa tafiya dominsa yana cikin ƙasa.

Ba wai ba ta gwada ba. Wata rana suna tsince shinkafa ta ce, Malam, tsufa fa ba ya jira, in ka je ka tarar Allah ya yi ikonsa fa? Ya ce da ya mutu da an faɗa masa, mutanen can ba sa ɓoye mutuwa. Ya faɗi haka hankali kwance, yana hure ƙaiƙayi daga tafinsa. Ta dubi hannun hagun da bai gama warwarewa ba, ta tuna abin da likita ya ce, ta haɗiye maganar.

Labarin Kombarel kuwa sai ya ƙaru. Da can yakan ce "a lokacin", yanzu sai ya koma "in na je". In ya je zai gyara rufin rumbu. In ya je zai kwana a ɗakin tsohon don ya riƙa juya shi. Ɗalibai suna dariya, Kamilu yana cewa a taho masa da cuku mara wari in akwai. Ita tana bayan labule, tana jin kowace kalma kamar ana ɗiga mata tafasasshen mai.

A tamanin da bakwai, farkon kaka, takardu suka fito. Wani likita ɗan Nijar da ke aiki a Marsai, wanda Hassumi ya taɓa ɗawainiya da mahaifinsa a Alƙahira, shi ya tsaya masa. Aka buga masa biza, ya yanki tikitin ranar Alhamis. Ya shigo shago yana ɗaga fasfo sama, ɗalibai suka tashi suna tafi, har masu shagon kusa suka leƙo suna mabruk, mabruk, barka irin tasu. Ya ɗaga labule ya ce wa Balki ta sa mayafi, yalla, maza, yau ce ranar waya, kuma yana so tana wurin.

A lokacin, mai son kiran ƙasar waje sai ya je santral, babban ofishin waya, ya ba da lamba ya zauna jiran a haɗa. Tun daga Abbasiya har can Balki tana shirya maganar. A cikin bas ta ce bari su sauka, akwai mutane. Da suka sauka ta ce bari su tsallaka titi. A kan bencin jira ta buɗe baki har ta ce "Malam", ya juyo da fuskar nan ta saurayi, ya ce mata lokacin ya yi daidai, shateni ya fara faɗowa yanzu. Ta ce ba komai, hularsa ce ta karkace. Ta gyara masa.

Ma'aikacin ya ɗaga murya ya ce Faransa. Hassumi ya bar sandarsa a jikin benci ya shiga ɗan akwatin gilashin.

Ba ta jin Faransanci sai abin da ta tsinta a bakinsa, amma muryarsa ta sani. Ya fara da ƙarfi, yana faɗin sunansa har sau biyu, sai dariya, irin wadda ta daɗe ba ta ji ba. Ta ji yana jero gaisuwa, ta san yana tsokanar Madam Polet ne da gaisuwar da ta sa aka rufe masa ƙofa. Ta ji ya ambaci ranar Alhamis. Ta ji ya ce Emil.

Sai ya tsaya yana saurare. Ya faɗi kalma guda, ta tambaya, wadda ta san ma'anarta: yaushe. Ya ɗaga hannun hagu a hankali ya cire hularsa, ya riƙe ta a ƙirji, yadda ya ce mutanen can suna yi in gawa za ta wuce. Ta cikin gilashin ya juyo ya dube ta, wayar tana kunnensa, matar tana ta magana. Balki ta so ta sunkuyar da kai, ta kasa.

Bai faɗi ba. Abin da ta shekara biyu tana tsoro bai faru ba. Ya ajiye wayar, ya fito, ya ɗauki sandarsa, ya biya, suka kama hanyar jirgin Ainu Shams. Suka isa gida. Hawa tana makaranta. Ya zauna bakin gado, rana tana shigowa ta taga.

"Kin sani."

"Na sani, Malam."

Ta faɗa masa duka, likita da kawu da Alhusaini, da yadda aka shirya za a yi a hankali, da yadda ya miƙe washegari ya rikita musu lissafi. Ta ce ko da an faɗa masa a ranar, ba zai same shi ba, an riga an binne. Ta ce maganar nan ita ta tashe shi. Ya dubi ƙafafunsa ya ce gaskiya ne, ƙarya ce ta tashe su, kuma ga su suna tafiya.

Sannan ya ce akwai labarin Kombarel guda da bai taɓa ba kowa ba, don ba na dariya ba ne. Emil yana da amya a bayan gida. A garin, in maigida ya mutu, kafin a wanke shi wani na gidan zai je wurin amyar ya ƙwanƙwasa, ya gaya wa ƙudan zuma cewa maigida ya tafi, ya ɗaura musu baƙin ƙyalle. Suna cewa in ba a gaya musu ba sai su yi fushi su bar gidan. Da Emil ya mutu ba na gida ko ɗaya, sai Madam Polet ta hau tudun da kanta cikin ƙanƙara ta gaya musu. A wayar kuma ta ce masa ta yi zaton shi ma ya ji, ya yi shiru ne irin na wanda ya manta. Gari duka haka suka ɗauka.

"Ƙudan zuma an gaya musu a ranar, Balki."

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ta fi samun sauƙi.

Balki ta ce to ya tafi mana, ga tikiti ga biza, ya ga kabarin, ya gaya wa mutanen garin cewa bai manta ba. Ya ce shi mutum ya yi wa alkawari, ba dutse ba. Gidan ma an sayar wa wasu 'yan birni da ke zuwa hutu da bazara. Ya sa fasfon a ƙasan akwati. Alhamis ta zo ta wuce.

Abin da ya yi shi ne ya sa aka shimfiɗa tabarmi a falo, ya aika Abbasiya cewa an yi masa rasuwa, zai zauna makoki. Magana ta tashi a tsakanin ɗalibai. Wasu suka ce mamacin Nasara ne, wasu suka ce mutuwar ta shekara biyu, wane irin zaman makoki ne wannan. Aka jawo littattafai, aka yi ta musu a ɗakunan kwana. Da yawa ba su zo ba. Kamilu ya zo da mutum kaɗan, ya ce shi bai zo yanke hukunci a kan wanda ya tafi ba, wanda aka bari ya zo gani. Ya zauna kusa da Hassumi har azahar, karo na farko da aka ga bakinsa a rufe.

Mai gadin benen, wani Bamisire ɗan ƙauye, ya ga takalma a ƙofa ya hawo. Ya yi ta'aziyya irin tasu, sannan ya tambaya wa ya rasu. Ɗaliban suka dubi juna, ba wanda ya san yadda zai kwatanta. Hassumi ya ce mahaifinsa ne.

Balki tana madafa tana dama kunu, tana aika shayi. Duk wanda ya shigo tana jin ya durƙusa ya ce ya haƙuri, tana jin amsar. A rana ta uku da yamma mutane suka watse, ya rage shi kaɗai a kan tabarma, ya jingina da bango, carbi a hannun dama. Ta wanke hannu, ta ja mayafi ta rufe kai, ta fito. Ta tsaya inda baƙi ke tsayawa, ta cire takalmi, ta durƙusa a bakin tabarmar.

"Malam, ya haƙuri? Allah ya ba da dangana."

Ya daɗe yana jan carbin. Sannan ya ce haƙuri da godiya, ya ce Allah ya ba da lada. Da kalmomin da ya amsa wa mai gadi ya amsa mata, da muryar da ya amsa wa kowa, idonsa a kan tabarma.